Ranar da Rohtas Ya Kai Ɓauna Gidan Sama

Ku gyara zama ku sha labarin Rohtas Ahlawat, mutumin wani ƙauye a bayan birnin Gurgaon, wanda gashin bakinsa ya fi aikinsa yawa. Shekararsa hamsin da biyar, kuma idan ta bakinsa za a bi, babu abin da bai taɓa kayarwa ba a duniya: 'yan kokawa, ɓarayin shanu, har da wata damisa da ba wanda ya gan ta sai shi. Kullum da hantsi yana kan gadon igiya a gindin darbejiya, tukunyar taba tana zagaya dattawa, shi kuma yana ba su labarin kansa.

Ana nan birni ya yi ta matsowa, yau ya cinye gonar wannan, gobe ta wancan, har aka ja layin sabon titi, layin ya bi ta tsakar gidan Rohtas. Aka biya shi diyya, aka ce masa ranar Litinin ta sama katafila za ta zo.

Labari ya kai kunnen Surajbhan, ƙanin matarsa Bimla. Ya hau taraktarsa ya zo har gindin darbejiya, ya gaida dattawa, ya taɓa gwiwar Rohtas kamar mai ladabin gaske, sannan ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jija, mijin Yayata, kada ka sa damuwa a ranka. Ɗaki biyu na share a gidana. Ku taho kai da Yaya ku zauna. Gurasa dai ba za ta gagara ba."

Dattawa suka sunkuyar da kai suna danne dariya. A ƙasarsu gara namiji ya sayar da rawaninsa da ya tare a gidan surukai. Wanda ya yi haka, ko mai shayi ba ya ƙara kiran sunansa, sai dai a ce mijin wance. Ga shi kuma Rohtas ya shekara talatin yana yi wa Surajbhan ba'a, yana cewa gidansa akurki ne da aka shafa wa fenti.

Rohtas ya murɗa gashin baki. "Ni zan tare a gidanka? Yaro, Gurgaon zan koma, gidan sama, hawa na goma sha tara. In na tofar da yawu daga can, sai ya kwana biyu a hanya kafin ya sauka a kan taraktarka."

"Kajri fa? Ka san Yaya ba za ta rabu da ita ba ko da wuƙa a wuya."

Kajri ita ce ɓaunar gidan, baƙa wuluk, ƙahonta a nannaɗe kamar awarwaro, mai ba da madara lita goma sha takwas a yini.

"Da ita za mu hau," in ji Rohtas. "Ɓaunar da in na yi gyaran murya take miƙewa tsaye? Ko kan hasumiya na ce ta hau, za ta hau."

Gaskiyar magana kuwa, shekara goma da Kajri ta yi a gidan, Rohtas bai taɓa zuba mata dusa ba, balle ya kama hantsarta. Bimla ce mai yanko ciyawa, ita ce mai jiƙa angurya, ita ce mai tatsa safe da yamma. Aikin Rohtas shi ne in baƙi sun zo ya dafa bayan ɓaunar, ya faɗi yawan litar.

Washegari ya sa farar riga mai sitaci ya tafi wurin wani dillalin gidaje mai suna Chaddha. Chaddha ya baje masa hotunan wata unguwa da ake kira Lambun Dawisu: dogayen benaye na gilashi, tafkin wanka shuɗi kamar an zuba masa bula, da fili na musamman don dabbobi.

"Nan ba a hana dabba, yallaɓai," in ji dillali. "Shi ya sa manya ke rububinsa. Har likitansu yana zuwa duk Laraba. Kana da ita ne?"

"Ina da guda. Mace ce, baƙa, mai hankali."

"Tana cizo?"

"Ba ta taɓa ba."

"Haushi fa?"

"Ko sau ɗaya tun da aka haife ta."

"Kai, ka dace da dabba. To ga makulli. Sharaɗi ɗaya ne: ranar da ka tare, kwamitin masu gida zai ga dabbar da ƙarfe huɗu na yamma. In shugabarsu ta sa hannu, gida ya zama naka. In ta ƙi, a ranar za ka kwashe kayanka."

"Za ta sa hannu biyu ma," in ji Rohtas.

Ranar Juma'a Bimla ta tafi gidan ƙanenta bikin suna, ta bar wa maƙwabciya amanar tatsa. Rohtas ya ga dama ta samu: zai tare a bayan idonta, ta dawo ta tarar da aljanna. Ranar Lahadi da sassafe, maƙwabciya ta shigo da bokiti, ya tare ta a ƙofa.

"Koma gida, ƙanwata. Yau a birni za a tatse ta."

"Wa zai tatse ta a birnin?"

"Akwai wani wahala ne a ciki? Ja ne da saki."

Ƙarti shida ne suka tura Kajri cikin babbar mota, shi yana gefe yana ba da umarni. Aka loda akwatuna da gadon igiya, aka nufi Gurgaon.

A ƙofar Lambun Dawisu mai gadi, wani siririn mutum mai suna Tiwari, ya fito da fom da biro. Ya leƙa bayan mota, Kajri ta hura masa iska mai ɗumi a fuska. Ya ja baya, ya gyara hularsa.

"Yallaɓai, madara ta ƙofar baya ake kawowa, kuma a leda."

"Wa ya ce maka mai madara ne ni? Hawa na goma sha tara, ga makulli. Rubuta. Sunanta Kajri."

Tiwari ya rubuta, don aikinsa rubutawa ne. "Nauyi?"

"Kilo ɗari shida."

"Gurbin lamba biyu kawai aka bari, yallaɓai."

"Rubuta sittin, ka ajiye ɗaya sifilin a gefe."

"Doka ta ce a sa mata takunkumi kafin ta shiga." Ya miƙo wani ɗan takunkumin kare da bai fi tafin hannu ba. Rohtas ya gwada shi a hancinta, bai rufe ko ƙofa ɗaya ba, sai ya rataya shi a ƙahonta na dama.

"An sa," in ji shi.

Suna cikin haka sai ga wata mata mai furfura da tabarau, tana tura keken jarirai. A cikin keken wani ɗan farin kare ne sanye da riga da takalma huɗu. Wannan ita ce Madam Sengupta, shugabar kwamiti, tsohuwar shugabar makaranta ce, kuma ba ta fita ko'ina ba tare da littafin dokokin unguwa a jakarta ba.

Ta tsaya ta dubi Kajri daga ƙaho har wutsiya. "Malam, wannan mece ce?"

"Dabbata ce, Madam. Ki gaishe ta, ba ta da girman kai."

"Dabbobin da ake zama da su a ɗaki muke nufi. Irin Biskit." Ta nuna karen.

"Shi Biskit ɗin me yake bayarwa?"

"Ƙauna."

"Lita nawa?"

Madam ta buɗe jakarta. Ta zaro littafi, ta bi shi shafi shafi da yatsa. Ta sami dokar da ta hana maciji, ta sami wadda ta hana biri. Wanda ya rubuta littafin bai taɓa kawo ɓauna a ransa ba. Ta rufe shi a hankali, don ita mace ce da ba ta ƙara wa doka ko wasali.

"To. Ƙarfe huɗu, a bakin tafki. Abu uku kwamiti ke dubawa. Dabba ba ta damun maƙwabta da ƙara. Mai ita yana kwashe ƙazantarta. Kuma in ya kira ta tana zuwa. Ka faɗi ɗaya, ba zan sa hannu ba."

"Ki tanadi biro mai kyau," in ji Rohtas.

Aka sauke Kajri, aka nufi lif, wato na'urar da ke hawa da mutane da kaya saman bene. Rohtas ya shiga gaba yana jan igiya, Kajri ta sa ƙafafun gaba, ta ɗaga kai, sai ta ga wata baƙar ɓauna a jikin bangon ƙarfe mai sheƙi tana harararta. Kajri ba ta saba a harare ta ba. Ta sunkuyar da kai ta kai wa baƙuwar karo. Bangon ya loɓa, fitila ta yi ƙyafta-ƙyafta, Rohtas ya tsinci kansa a manne a kusurwa, ƙaho ɗaya a hagunsa, ɗaya a damansa.

Nan ta kafe, rabinta a ciki, rabinta a waje. Ƙofa ta taho za ta rufe, ta taɓa haƙarƙarinta, ta koma. Ta sake tahowa, ta sake komawa. Wata muryar mace daga cikin rufin lif ta shiga roƙo cikin ladabi a matsa daga bakin ƙofa.

"Ke 'yar nan, ki yi haƙuri mana, ba ki ga muna ƙoƙari ba?" in ji Rohtas yana duban rufi.

Mutane suka taru, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Wani tsoho miƙaƙƙe mai sandar tafiya, Kanar Bakshi, wanda ya bar aikin soja amma aikin sojan bai bar shi ba, ya zagaya bayan Kajri yana nazari.

"Malam na ciki, kana da rai?"

"Lafiya lau nake. Dubawa take yi ko lif ɗin ya yi mata."

"Shawarata ka ja da baya ka sake shiri."

"Ba a taɓa jin Rohtas ya ja da baya ba."

"Haka ne, bango ya tare ka."

Sun fi rabin sa'a a haka. Abin da ya cece shi wata mai aiki ce da ta zo wucewa da kwandon alayyafo. Kajri ta ji ƙanshi, ta ja da baya da kanta, ta bi matar. Matar ta yar da kwando ta ruga. Rohtas ya fito yana kakkaɓe riga.

"Kun ga yadda na fito da ita? Da ido kawai na yi mata magana."

Lif kuwa ya mutu. Akwatuna da gadon igiya suka zauna a ƙasa, aka ce sai mai gyara ya zo. Rohtas ya ce ba komai, dama Kajri tana son ta ga filin dabbobi tukuna.

Filin yana da ciyawa lallausa wadda ake aske wa kai duk mako, da furanni jere a gefe, kowanne da ɗan allon sunansa. Kajri ba ta karya kumallo ba. Ta fara da ciyawar, ta wuce kan furannin, ta bar allunan a tsaye. Karnukan unguwa suka kewaye ta suna haushi, ba ta ko ɗaga kai ba. Da ta ƙoshi, ta ɗaga wutsiya a tsakiyar fili ta sauke abin da ɓauna ke saukewa.

Kanar Bakshi, wanda ya biyo su don ya ce bai ga abin kallo irin wannan ba tun da ya yi ritaya, ya nuna wani ɗan akwati a jikin turke. "Ga ledojin kwashewa can. Doka ta biyu."

Rohtas ya zaro leda ɗaya. 'Yar ƙarama ce, kore, an zana ƙashi a jikinta. Ya dubi ledar, ya dubi tulin. Ya cika goma sha huɗu, tulin bai san an taɓa shi ba.

"Ku mutanen birni ba ku san dukiya ba," in ji shi, gumi na zuba. "Wannan ai makamashi ne. A leda ake zuba makamashi?"

Ya naɗe hannun riga, ya dunƙula kashin kamar yadda yake ganin Bimla tana yi, ya nufi farin bangon ɗakin taron unguwa, ya maka. A gida in Bimla ta maka, yakan zauna daram da shatin yatsunta biyar har ya bushe ya zama kandilo. Na Rohtas ya tsaya jim kaɗan kamar mai tunani, sannan ya sulalo ƙasa ya bar dogon layi. Ya sake makawa da ƙarfi. Wannan ya fantsamo masa a farar riga.

"Bangonku ne ba shi da kyau," ya ce wa Kanar. "Ya cika santsi."

"Zan sanar da magina," in ji Kanar.

Rana ta take, zafin bazara ya sauko kamar an buɗe tanda. Wajen ƙarfe uku Kajri ta fara wani irin kuka mai tsawo, wanda ke shiga tsakanin benaye ya dawo ninki biyu. Tagogi suka buɗe tun daga ƙasa har sama. Tun jiya da yamma ba a tatse ta ba, hantsarta ta cika ta yi tam.

Rohtas ya duba agogo. Doka ta farko ke nan tana shirin tafiya. Ya tuna fuskar Surajbhan, ya tuna ɗaki biyun da aka share. Ya ari bokiti wurin Tiwari, ya ja Kajri bayan wani shingen furanni kusa da tafki, ya tsuguna, ya miƙa hannu. Ƙafar baya ta zo kamar walƙiya. Bokiti ya tashi sama ya sauka a kan shinge.

Ɓauna ba ta sakar wa baƙon hannu madara, kowa ya san wannan a ƙauye. Amma akwai dabara, kuma Rohtas ya taɓa ganinta daga kan gadonsa: lokacin da Bimla ta yi zazzaɓi, maƙwabciya ta yafa mayafin Bimla, ɓauna ta ji ƙanshin uwar ɗakinta, ta tsaya.

Ya ruga wurin akwatuna, ya buɗe na matarsa, ya zaro jan mayafi mai ƙyalƙyali da awarwaro guda shida. Uku suka fashe kafin ukun su shige. Ya dawo ta bayan motoci, ya lulluɓe kai har ƙirji. Don hannuwansa biyu su samu sakewa, ya ɗaure igiyar Kajri a ƙugunsa, ƙulli biyu. Ya tsuguna, ya karkaɗa awarwaro, ya siranta murya.

"Tsaya, 'yata. Tsaya, 'yar lele. Ni ce."

Kajri ta waiwayo, ta shinshina mayafin. Ta daɗe tana shinshinawa. Sai ta yi ajiyar zuciya, ta gyara tsayuwa. Rohtas ya ja. Madara ta tsarto cikin bokiti, tsiii. Ya sake ja, ta sake zubowa. Kuka ya tsaya. Saura minti biyar ƙarfe huɗu, kuma a ɗaya gefen shingen yana jin ana jera wa kwamiti kujeru.

Da ya yi shiru na minti goma, da wataƙila labarin nan ya canja. Amma ya ɗaga ido ta cikin mayafi ya hango Kanar Bakshi yana leƙowa ta saman shinge, kuma Rohtas bai taɓa yin abin kirki a gaban shaida ya haɗiye ba. Ya buɗe maƙogwaro da muryarsa ta gindin darbejiya.

"Ka gani, Kanar? Na ce maka duk ƙasar nan ba wanda ya kai ni iya—"

Kajri ta ji muryar ƙato tana fitowa daga cikin mayafin Bimla. Kunnuwanta suka miƙe. Ta yi tsalle ɗaya ta fasa shinge, igiya ta miƙe, Rohtas ya bi ta a kan gindinsa.

'Yan kwamiti biyar suna zaune a jere, Madam Sengupta a tsakiya da biro a hannu. Ta gabansu baƙar ɓauna ta wuce a guje, tana jan wata mata mai jan mayafi da takalman maza. Sai Kajri ta hango ruwa. Tun safe take cikin rana, ga tafki shuɗi a shimfiɗe ba kowa sai mutum huɗu. Ba ta tambayi kowa ba. Ta faɗa, ruwa ya tashi ya jiƙa kwamiti har littafin doka, Rohtas ya bi bayanta da ka.

Masu iyo huɗun suka fice kamar kwaɗi. Wani mai ƙiba ya haye tsani ya manta tabarau ɗinsa. Kajri ta sami wuri mara zurfi ta kwanta, ta bar hanci da idanu a waje, ta lumshe su. Tun da aka haife ta ba ta taɓa samun kududdufi mai tsabta irin wannan ba.

Rohtas ya taso yana tari, ruwa iya ƙirji, mayafi ya manne masa a fuska, gashin baki ya kwanto ta gefe biyu.

Madam Sengupta ta goge tabarau da gefen zanenta. "Baiwar Allah, ina mai dabbar?"

Ya ɗage mayafin. "Ga ni, Madam."

Aka yi tsit. Biskit ne kaɗai ya yi magana.

"Ƙarfe huɗu ta yi," in ji Madam. "Ƙara mun ji ta. Bangon ɗakin taro mun gan shi. Saura ta uku, kuma zan ba ka haƙƙinka. Kwance igiyar, ka fito, ka kira ta."

Ya fito yana ɗiga, ya tsaya a bakin tafki, ya yi gyaran murya. Kajri ba ta motsa ba.

"Kajri, taso."

Ta karkaɗa kunne ɗaya, ta kori ƙuda.

"Kajri, ni ne fa. Mai gida."

Ta nutsar da hanci ta busa kumfa.

Ya sunkuya, ya rage murya. "Haba Kajri, ki rufa mini asiri. Mazarƙwaila zan saya miki, dunƙule guda. Kin san inda za a kai mu in kika ƙi?"

Kajri ta juya masa baya. Rohtas ya miƙe, ya dubi jama'ar da ta cika bakin tafki da barandar kowane hawa, ya ɗaga yatsa.

"Kajri, kwanta a ruwa. Kada ki fito." Ya juyo wurin kwamiti. "Kun gani? Ko motsi ba ta yi ba. Wane kare ne a nan yake bin umarni haka?"

Kanar Bakshi ya zauna a ƙasa don dariya, sandarsa ta faɗa ruwa.

Daidai nan aka ji rurin tarakta a bakin ƙofa. Hoton ɓauna a cikin lif ya riga ya zaga wayoyi tun azahar, har ya isa gidan suna, inda Surajbhan ya kalle shi sau tara kafin ya nuna wa yayarsa. Bimla ta sauko daga tarakta da kayan bikinta, ta ratsa jama'a ba ta dubi kowa ba. Ta wuce mijinta kamar turke. Ta tsaya a bakin ruwa, ta yi ɗan tsaki da harshe sau biyu.

"Taho, 'yata."

Kajri ta buɗe ido, ta miƙe, ta hau matakala ɗaya bayan ɗaya, ta zo ta sa goshi a jikin Bimla. Bimla ta shafa hantsar, ta girgiza kai, ta ce a ba ta bokiti. A nan bakin tafki ta tsuguna, kafin a ce haka bokiti ya cika har kumfa na zuba. Matan unguwa, waɗanda suka shekara suna shan madarar leda, suka fara aikawa a kawo musu kofuna.

Sai a lokacin Bimla ta dubi mijinta. "Baban yara, mayafin da na ajiye don bikin 'yar yayata ne a kanka."

"Dabara ce, ba za ki gane ba."

"Awarwarona shida ne."

"Uku suna nan lafiya."

Madam Sengupta ta kurɓi madarar da aka miƙo mata, ta sake kurɓa. Sannan ta rufe biro.

"Malam Rohtas, dabbar ba ta da laifi. Matarka ma ba ta da shi. Matsalar guda ɗaya ce, ga ta nan tsaye tana ɗiga a kan tayil. Ka ba Tiwari makulli."

"Dama ni ma wurin bai yi mini ba," in ji Rohtas yana lalube a jiƙaƙƙen aljihu. "Tafkinku ya yi wa Kajri kaɗan."

Surajbhan ya matso, ya taɓa gwiwarsa da ladabi. "Jija, tirela tana waje. Na shimfiɗa maka buhu. Katafila gobe ne, ko ba haka ba?"

Aka loda akwatuna da gadon igiya, aka hau da Kajri, wadda ta shiga da kanta da Bimla ta ce ta shiga. Rohtas ya zauna a kan buhu tsakanin akwati da wutsiya. Rana na shirin faɗuwa suka shiga ƙauyen surukai. Baƙin suna ba su watse ba, kuma da alama ba wanda ya yi niyyar watsewa, don tun daga bakin hanya mutane suke tsaye a jere. Rohtas ya hango mai shayi, ya hango dattawa, har ya hango biyu daga cikin abokan tabarsa da suka yi tattaki musamman. Ya rasa inda zai sa fuskarsa, sai ya jawo jiƙaƙƙen mayafin ya rufe ta ruf.

A haka aka sauke shi a ƙofar gida. Mata suka ga an kawo mutum a lulluɓe cikin ja, suka dubi juna, sai wata ta ɗauko ganga, suka kama waƙar tarbar amarya. Gwaggon Bimla, tsohuwa Bharpai, wadda ta haura tamanin, ta dogara sanda ta fito, don ita ke fara ganin fuskar duk wadda aka kawo gidan. Ta kama bakin mayafi ta ɗaga a hankali. Ta daɗe tana dubawa.

"Ta ɗan manyanta," in ji ta. "Ga kuma gashin baki. Amma tun da an kawo, mun karɓa. Ta iya tatsa?"

"Gobe da asuba za ta fara koyo, Gwaggo," in ji Bimla.

Rohtas ya buɗe baki zai ba da amsa, kuma amsar mai kyau ce, ya riga ya shirya ta tun a hanya. Tsohuwa ta cusa masa dunƙulen mazarƙwaila har kumatu suka cika, ta kama hannunsa mai awarwaro uku ta ja shi ciki.

Nan labarin ya sauke kayansa, tare da na Rohtas.